Gubar Dalma a Ƙasar Anka da Bukkuyum: Aikin da Ma'aikatun Gwamnati Suka Yi da Wanda Ya Rage Gare Mu

Maganarmu ta yau ta shafi kowa, amma ta fi shafar mutanen yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, inda mutane da yawa ke samun abin sa wa a bakin salati ta wajen haƙar zinariya. Za mu bayyana muku wani ciwo da a ke kira gubar dalma, da yadda ya auka wa ƙauyukanmu, da irin aikin da kowace ma'aikata ta yi a kansa. Dalilin da ya sa mu ke so ku san aikin kowace ma'aikata shi ne don in matsala ta taso ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa waɗanda ke zaune kusa da shi a ɗakin shan magani, tun ba mata masu goyo ba.

Yadda Abin Ya Fara

A farkon shekarar 1431 ta Hijira, watau farkon 2010, mutanen waɗansu ƙauyuka suka lura agwaginsu suna ta mutuwa. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, gama mutuwar kaji da agwagi ba baƙon abu ba ne a karkara. Ba a jima ba sai ciwo ya shiga yara ƙanana. Yaro ya fara amai, cikinsa ya riƙa murɗawa, ya yi lis, sa'an nan jijjiga ta kama shi, kafin kwana biyu ko uku sai a ji rasuwa. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sanƙarau ne, waɗansu kuma suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan da a ke kira MSF, watau Likitoci Na-gari Na-kowa, suna zagayen neman masu sanƙarau sai suka sami labarin. Aka ba yaran maganin zazzaɓi, bai yi aiki ba. Da aka ga ciwon ya fi yawa a gidajen da a ke dakan dutsen zinariya, sai aka ɗebi jinin waɗansu yara aka aika da shi Turai don a auna. Amsa ta dawo cewa dalma ce ta yi yawa a jininsu.

A watan Mayu na shekarar, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta Jihar Zamfara, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka shiga ƙauyen Dareta a ƙasar Anka da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, suna bi gida gida. Abin da suka tarar ya ɗaga hankalin kowa. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu ke nan. Daga baya aka gane ciwon ya kai Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Da aka haɗa lissafi, yaran da suka rasu sun kai kamar 400, dubbai kuma suka kamu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Mece Ce Dalma, Kuma Ta Ina Ta Ke Shiga Jiki?

Dalma wani irin ƙarfe ne mai nauyi, mai taushi, ruwan toka. Ita ce ke cikin batirin mota. Allah ya halicce ta cikin duwatsu, kuma a waɗansu ramukan ƙasarmu tana haɗe da zinariya cikin dutse guda. Muddin tana cikin dutsen a ƙarƙashin ƙasa, ba ta cutar da kowa. Sai an fasa dutsen, an daka shi, an niƙe shi ya zama gari, sa'an nan ta ke zama ƙura ta bi iska.

Tun kaka da kakanni a ke samun zinariya a wannan ƙasa, to me ya sa sai a 2010 abin ya ɓaci? Dalilai biyu ne. Na farko, kuɗin zinariya ya tashi ƙwarai a kasuwannin duniya a shekarun nan, mutane da yawa suka rungumi haƙa. Na biyu, aka faɗa kan jijiyar dutse mai dalma da yawa, aka kuma riƙa kwaso shi a buhuna ana kawowa cikin gari. Maza na niƙa a injin niƙan hatsi, mata na daka a turmi a tsakar gida da goyo a baya, ana shanya garin a inda yara ke rarrafe.

Ku lura da wannan da kyau. Babban mutum ba ya cin ƙasa, amma yaro mai rarrafe kome ya taɓa sai ya kai baki. Bayan haka, cikin yaro ya fi na babba tsotse dalma har sau huɗu ko biyar. In yaron yana fama da yunwa ko ƙarancin jini, jikinsa ya kan ƙara zuƙe ta, don yana ɗauka abincin da ya rasa ne. Shi ya sa uba da ɗa za su kwana ɗaki guda, uban ya tashi garau, ɗan kuwa ya kwanta.

In dalma ta shiga jini, ta kan bi shi zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta, sauran kuma ta maƙale a ƙashi da haƙori, ta yi shekara da shekaru a can. In mace ta sami ciki, dalmar da ke ɓoye cikin ƙashinta ta kan fito ta shiga jini, ta isa ga ɗan da ke ciki. Saboda haka yarinyar da ta sha ƙura tana ƙarama na iya gadar wa ɗanta ciwon bayan ta yi aure.

Likitoci suna da ma'aunin da su ke gane yawan dalma a jini. In awo ya nuna lamba 45 ko fiye, yaro na bukatar magani na musamman. Ɗan akwatin awon da aka zo da shi ƙauyukan nan ba ya iya karanta abin da ya wuce 65, amma yawancin yaran da aka auna sun zarce haka, har sai da aka riƙa sirka jinin kafin akwatin ya iya karantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Ko kaɗan ce, tana rage kaifin basirar yaro, ko da ba a ga alamar ciwo a jikinsa ba.

Duwatsun Murhu Uku

Kowace mace ta sani tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya ko biyu, sai uku. Haka yaƙi da gubar dalma ya ke. Dutse na farko shi ne yi wa yara magani, wannan aikin Ma'aikatar Lafiya ne. Na biyu shi ne kwashe ƙasar da ta gurɓata, wannan na Ma'aikatar Muhalli ne. Na uku shi ne gyara yadda a ke haƙa da niƙa, wannan kuwa na Ma'aikatar Ma'adinai ne. In aka cire ɗaya, tukunya ta kife. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin Ma'aikatar Lafiya

A tsakiyar 2010 aka buɗe ɗakunan jinya na musamman a babban asibitin Anka da na Bukkuyum, inda likitocin MSF da ma'aikatan lafiya na jiha suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Daga baya aka riƙa kai aikin cikin ƙauyuka, don kada uwa ta bar gida da sauran 'ya'ya na tsawon makonni.

Maganin da a ke bayarwa sunansa sakisima. Aikinsa shi ne ya bi jini ya kama dalma, su fita tare ta fitsari. Yana da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, amma kada wannan ya sa uwa ta hana ɗanta. A kan sha shi kamar mako uku, a huta, a sake awon jini. Sau da yawa sai an maimaita, domin in an kwashe dalmar da ke cikin jini, wadda ke ɓoye a ƙashi ta kan sake fitowa. Akwai yaran da suka yi shekaru ana bibiyarsu. Daga 2010 zuwa ƙarshen 2021 an auna jinin yara fiye da 8,000, fiye da 3,500 daga cikinsu kuma sun sha wannan magani.

Amma dole mu gaya muku gaskiya. Maganin yana ceton rai, yana rage dalma, amma ba ya maido da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Akwai yaran da suka tsira da ransu amma suka makance, ko suka kurumce, ko ƙafafunsu suka shanye, ko karatu ya gagare su. Magabata sun ce rigakafi ya fi magani, to a nan maganar tasu ta zauna daram.

Abu na biyu kuma, ba amfani a ba yaro magani a mai da shi gidan da ƙura ke nan yadda ta ke. Kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Don haka likitoci suka ce ba za a fara magani sosai a ƙauye ba sai an share shi. Ga inda aikin lafiya ya rataya a wuyan wata ma'aikata.

Aikin Ma'aikatar Muhalli

Dalma ba ta ruɓewa kamar taki, ba ta ƙonewa, ruwan sama kuma ba ya kashe ta, sai dai ya ɗauke ta daga nan ya kai ta can. A ƙasar Zambiya akwai wani gari, Kabwe, inda aka rufe ramin dalma tun 1994, amma har yanzu ƙasar unguwannin da ke kusa da shi tana cutar da yara. Saboda haka ba wata dabara sai a kwashe ƙasar ɗungum.

A lokacin, ƙa'idar Amurka ita ce ƙasar da yara ke wasa a kai kada dalmar cikinta ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A waɗansu wurare na ƙauyukanmu an sami fiye da kashi 100,000, watau ɗaya bisa goma na nauyin ƙasar dalma ce zalla.

Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara ta yi aikin tare da gwanaye daga Amurka, na kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, da taimakon kuɗi daga UNICEF da waɗansu. Ga yadda aka yi. Da farko a zo da na'ura a auna tsakar gida da ɗakuna da hanyoyi. Sa'an nan samarin ƙauye su zo da fartanya da shebur da baro su kankare saman ƙasa, kamar kaurin yatsa uku, a zuba a buhuna. A kai can bayan gari a binne a wani babban rami da aka tanada. Daga nan a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta, wadda aka auna, a shimfiɗa. A share ɗakuna, a wanke kaya, a yashe kududdufan da aka yi wankin zinariya a ciki. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, aka bi da sauran ƙauyuka biyar daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Inda duk aka share aka kuma fara magani, mutuwar yara ta ragu ƙwarai da gaske.

Darasin Bagega

Bagega ta fi sauran girma, kuma a nan ne babban filin niƙa ya ke. Sharar ta fi ƙarfin kuɗin da ke hannu, sai aka jira Gwamnatin Tarayya. Aka yi alkawarin naira miliyan 850 don aikin gubar dalma, za a raba tsakanin ma'aikatun lafiya da muhalli da ma'adinai. Watanni suka yi ta wucewa kuɗi bai fito ba. Likitoci na nan da magani a hannu, yara kamar 1,500 na jira, amma ba dama a fara. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da waɗansu samarin Nijeriya suka yi ta kira a jaridu da rediyo da intanet. A watan Janairu na 2013, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka saki kuɗin. A cikin shekarar aka share Bagega, aka fara yi wa yaranta magani.

Abin koyo a nan shi ne, jinkirin ofishi guda na iya ɗaure hannun ofishi uku. Kuma jama'a suna da haƙƙin su tambayi wakilansu, cikin ladabi da natsuwa, ina aka kwana a kan aikin da aka yi musu alkawari.

Aikin Ma'aikatar Ma'adinai

A dokar ƙasarmu, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ba ƙananan masu haƙa dama su haɗu su kafa ƙungiyar gama kai, su yi rajista, su nemi lasin. Amfanin haka shi ne hukuma ta san inda su ke, ta iya kai musu horo da kayan aiki. Mai haƙa a ɓoye kuwa ba mai iya koya masa kome.

Tun farkon abin, sarakuna da hakimai da dagatai suka ba da umurni a fitar da daka da niƙan dutse daga cikin gari zuwa wani fili na dabam. Wannan umurni kaɗai ya ceci rayuka masu yawa. Daga baya aka koya wa masu aiki niƙa da ruwa. Dutsen da aka jiƙa ba ya tā da ƙura, kuma gwajin da aka yi ya nuna ƙurar dalma ta kan ragu ƙwarai in an bi wannan hanya. Aka kuma koya musu su yi wanka su sake tufafi a wurin aiki kafin su koma gida.

Akwai guba ta biyu a wannan sana'a, ita ce zaiba, wadda a ke kama zinariya da ita sa'an nan a ƙona. Tururinta yana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. A garin Minamata na ƙasar Japan zaiba ta naƙasa mutane da yawa, aka gane ciwon a 1956, shi ya sa yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 don rage amfani da ita ta ci sunan garin. Nijeriya na cikin wannan yarjejeniya. Kada a ƙona zaiba a ɗaki, ko a madafi, ko kusa da yara da mata masu ciki.

A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara saboda ta'adin 'yan bindiga. A watan Disamba na 2024 aka ɗage hanin. In haƙa ta ƙaru, hatsarin ƙura ma ya ƙaru, don haka wannan magana ba tsohon labari ba ne.

Sauran Masu Hannu a Aikin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban da manyan ma'aikatun nan uku, akwai waɗansu da aikinsu ya shafi lafiyar 'ya'yanku.

Malaman dabbobi. Kun ji yadda agwagi suka riga yara mutuwa. Da an kai rahoto da wuri, da wataƙila an farga tun kafin abin ya yi nisa. In kuka ga kaji ko agwagi ko awaki na mutuwa barkatai kusa da wurin niƙa ko wanki, ku sanar da malamin dabbobi da dagaci, kada kuma a ci naman.

Ma'aikatan ruwa. Rijiyar da ba ta da murfi ta kan sha ƙura, ruwan sama kuma ya kan koro laka ciki. Rijiyar burtsatse ko rijiya mai dakali da murfi ta fi. Ku sani fa tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma.

Malaman gona. An gano hatsi ya kan kwashi dalma wajen sussuka da shanya a ƙasa mai ƙura, da wajen niƙa a injin da aka taɓa niƙa dutse. Injin dutse dabam, injin hatsi dabam. Turmin dutse dabam, turmin gero dabam. Buhun da aka zuba dutse kada a zuba masa dawa.

Malaman makaranta. Yaron da dalma ta taɓa ya kan yi jinkirin ganewa, ya kan yi mantuwa, ya kan kasa zama wuri ɗaya. Wannan ba taurin kai ba ne, bulala kuma ba ta maganinsa. Haƙuri da maimaitawa ya ke bukata.

Hukumar NAFDAC, mai lura da ingancin abinci da magunguna da kayan shafe-shafe. A nan za mu ja hankalin iyaye mata. Kwallin dutse, irin mai ƙyalƙyali da a ke saya a kasuwa a niƙa, sau da yawa dutsen dalma ne, ɗan'uwan wanda ya yi ɓarna a ƙauyukanmu. Jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki. Kada a sa wa jariri kwalli a ido ko a cibiya.

Ƙaramar hukuma da duba-gari. Su ne ke kusa da ku. In wani ya dawo da niƙan dutse cikin unguwa, ko ana haƙar ƙasar gini a ramin da aka binne tsohuwar ƙasa mai guba, a gaya wa mai unguwa, shi kuma ya kai gaba. Wannan ba tsegumi ba ne, ceton rai ne. Haka kuma masu fasa tsohon batirin mota ko na sola don su narka dalmar ciki. A wata unguwa ta bakin birnin Dakar, a ƙasar Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008 ta dalilin wannan sana'a.

Inda Aka Kwana

A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Abin da aka koya a Anka da Bukkuyum shi aka yi aiki da shi a can, watau shara da magani da gyaran sana'a. A 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa aikin gubar dalma na Zamfara ga hukumomin jiha, bayan shekara goma sha ɗaya da 'yan kai. Ma'anar haka ita ce nauyin ya dawo kan ma'aikatunmu da sarakunanmu da mu kanmu. Rashin tsaro ya sa zirga-zirgar ma'aikata zuwa waɗansu ƙauyuka ta yi wuya, mutane da yawa kuma sun bar gidajensu. Saboda haka idon uwa da na uba shi ne na'urar awo ta farko.

Abin da Ya Rage Gare Ku

Maigida, in sana'arka haƙa ce ko niƙa, kada ka kawo dutse gida ko da buhu ɗaya ne. Ka jiƙa dutse kafin ka fasa. Ka ajiye rigar aiki da takalmin aiki a wurin aiki. Ka yi wanka da sabulu kafin ka shiga gida, kafin ka ɗauki ɗanka. Kada ka ci abinci ko goro da hannu mai ƙura, gama dalma tana jawo wa manya hawan jini da ciwon ƙoda da rashin haihuwa. Samarin Gummi da sauran garuruwa masu zuwa cin rani wuraren haƙa, ku ma wannan magana taku ce, don ƙura ta kan bi tufafi ta yi tafiya mai nisa.

Uwargida, kada ki karɓi aikin dakan dutse kome kuɗin da za a ba ki. Ki yayyafa ruwa kafin ki yi shara. Ki shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. Ki wanke hannun yara da sabulu kafin su ci abinci, ki rufe abinci da randa. Kada 'yan mata su kai tallan abinci filin niƙa, kada kuma a je can da goyo. Ki ba yara wake da ƙwai da nono da zogale da kifi da nama gwargwadon hali, domin cikin da ya ƙoshi ba ya zuƙar dalma kamar cikin da ke fayau. Kada ki yaye ɗanki don tsoro, sai in likita ne ya ce.

In yaro ya fara amai ba dalili, ko ciwon ciki, ko ya daina cin abinci, ko ya daina wasa, ko ya manta tafiya ko maganar da ya riga ya iya, a kawo shi ɗakin shan magani. In jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a cusa masa cokali a baki, kada a kanga shi a wuta, a garzaya da shi asibiti. Ku gaya wa malamin asibiti gaskiya in akwai mai aikin zinariya a gidan. Ba kama ku zai yi ba. Alamun dalma da na zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau suna kama da juna, kuma wannan kalma guda da za ku faɗa ita za ta sa ya nemi a auna jinin yaron ko ya tura ku babban asibiti. In an fara magani, a kai shi ƙarshe, a kuma koma ranar da aka ce a koma.

Zinariya arziki ce da Allah ya ajiye a ƙasarmu, ba wanda ya ce kada a nema. Abin da a ke roƙo shi ne a neme ta ta hanyar da ba za ta ci 'ya'yanmu ba. Malaman addini su tuna wa jama'a a masallaci, iyaye mata su gaya wa juna a gidan suna da gidan biki. Allah ya kiyaye mana zuriya, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Sai mun sake saduwa a wani jawabin. Ku huta lafiya.